Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga 'Yan Uwana Dillalan Aiki: Ribar Baɗi Daga Aljihun Wa Za Ta Fito?

Assalamu alaikum.

'Yan uwana masu sana'ar nemo wa kamfanoni da gidaje ma'aikata, na Kano da Kaduna da Katsina da duk inda wannan takarda ta riske ku, waɗanda suka girme ni a sana'ar da waɗanda suka shigo bayana, ina gaishe ku da ƙoƙari. Yaya aiki, yaya iyali? Allah ya sa mu ga ƙarshen wannan shekara ta 2025 lafiya.

Makonni uku da suka wuce muka haɗu wajen ɗaurin auren 'yar ɗaya daga cikinmu. Da aka shafa fatiha aka raba goro da dabino, mu bakwai muka ja tabarma gindin wata dalbejiya, hira ta yi ta yawo har ta sauka kan kasuwar baɗi. Rabon da in ga fuskokinmu a sake haka tun kafin a cire tallafin mai a watan Mayun 2023. Wani ya ce yana neman ofis na biyu a Sharaɗa kafin azumi. Wani ya ce wayarsa ba ta huta ba tun watan Satumba, kamfanoni uku ke nemansa da direbobi. Ƙaramin cikinmu ya tafa hannu ya ce, "Alhaji, baɗi tamu ce da yardar Allah." Kowa ya ce amin, ni ma na ce. Sai da na kama hanyar gida na tuna cewa mun fi awa guda muna lissafin kai nawa kowa zai kai kamfani, amma ba wanda ya ambaci nawa zai shiga hannun masu kawunan. Abin ya tsaya mini a rai, shi ya sa na zauna rubuto muku.

Bari in fara da inda na yarda da ku, kada a ɗauka na zo kashe muku gwiwa ne. Alamun buɗi suna nan. Dalar da ta tashi daga naira 460 da ɗoriya a tsakiyar 2023 ta haura 1,500 cikin 'yan watanni, bana ta yi zamanta kusan wuri guda. Mai masana'antar da ke sayo kayan gyaran inji daga waje ya fara iya lissafin wata shida gaba, kuma sai wanda ya iya lissafin gobe yake ɗaukar ma'aikaci yau. Hauhawar farashi da ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a Disambar 2024 tana ta saukowa. Za a ce sauya ma'aunin da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi a farkon bana ya taimaka wa alƙaluman, haka ne, amma duk wanda ya leƙa Dawanau ya san buhun masara ba kamar bara ba. A watan Satumba Babban Banki ya rage kuɗin ruwa daga kashi 27.5 zuwa 27, karo na farko cikin shekara biyar. Ragin bai taka kara ya karya ba, sai dai ya nuna inda aka dosa. Ga aikin layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi, ga bututun gas mai tsawon kilomita 614 daga Ajakuta ta Kaduna zuwa Kano, wanda masu masana'antun Bompai da Challawa suka daɗe suna zuba masa ido. Ga manyan motoci 4,000 masu aiki da gas da matatar Ɗangote ta ce za ta zuba a hanya. Kowace mota na buƙatar direba, kuma duk direban da ya koma can ya bar kujera a wani kamfanin, mu za a kira mu cike ta.

Amma babban dalilin da ya sa wayoyinmu ke ringin ba ɗaya daga cikin waɗannan ba ne, kuma duk mun san shi. Tun da aka ɗaga kuɗin wutar masu rukunin A, wato waɗanda suka fi samun wuta, daga wajen naira 68 zuwa 225 a watan Afrilun 2024, aka zo a watan Yuli aka mai da mafi ƙarancin albashi naira 70,000 daga 30,000, gwamnatin Kano ma ta yanka wa nata ma'aikatan 71,000, kamfanoni suka shiga neman inda za su sauke kaya. Wanda a da yake da leburori ɗari a littafinsa, da fanshonsu da hutunsu da kuɗin sallamarsu, yanzu so yake a ce ba nasa ba ne, na ɗan kwangila ne. Ɗan kwangilar kuwa mu ne. Mafi yawan aikin da za a miƙo mana baɗi tsohon aiki ne aka tuɓe masa riga, aka ce mu sa masa tamu. Wanda ya fahimci wannan zai gane cewa amana ake ɗora mana tare da cinikin, kuma mai nauyi.

Akwai kuma wuraren da nake ganin hadari, in taɓa su a gurguje. Waɗanda muke kai wa kamfanonin casar shinkafa masu dako da masu ɗinkin buhu mun ji a jikinmu tun da gwamnati ta buɗe ƙofar shigo da abinci ba haraji a 2024. Injinan da ke kwana suna aiki sun koma yini, wasu sun yi shiru. Masu kai wa bankuna ma'aikatan kanta da masu tallan asusu su tuna cewa wa'adin ƙara jari da Babban Banki ya bayar zai cika ranar 31 ga Maris, 2026. A 2005, zamanin da Soludo ke gwamnan Babban Banki, bankuna 89 suka dawo 25, kuma duk inda aka haɗe bankuna biyu, ma'aikacin kwantiragi ake fara nuna wa ƙofa. Kakar siyasar 2027 kuwa za ta kawo aikin direbobi da masu gadi da masu raba takardu, amma aiki ne na 'yan watanni, kuma duk wanda ya taɓa bin ɗan takarar da ya faɗi zaɓe bashi ya san yadda ake ƙarewa. A karɓi kuɗin kafin a tura yara.

Yanzu ga abin da ya kawo ni. Kuɗin fom.

Ni ma na sayar da fom, ba zan ɓoye muku ba. A shekaruna na farko, wani kamfani ya nemi masu gadi goma sha biyu, na liƙa sanarwa a bakin masallatai biyu, kafin kwana huɗu na sayar da fom fiye da ɗari biyu. Na ƙirga kuɗin a daren nan, sun ninka la'adar da kamfanin zai ba ni, na kwanta ina jin na gano sirrin sana'a. A cikin waɗanda ba a ɗauka ba akwai wani saurayi daga wani ƙauye ta yamma da birni. Duk ranar Litinin sai ya zo, ya cire takalmi a bakin ƙofa, ya durƙusa ya gaishe ni, ya zauna a benci da ambulan ɗin takardunsa a kan cinya. Ambulan ɗin ruwan ƙasa ne, gefensa ya yi laushi ya yi duhu saboda zufar hannu. Ba ya tambayar komai, sai in an kira sallar azahar ya miƙe ya ce, "To Alhaji, sai wani satin." Ya yi wata uku a haka. Ran nan na tambaye shi da me yake zuwa, ya ce mahaifiyarsa ce ta sayar da kajinta ta biya masa fom, kuɗin mota kuma yana samu wajen ɗibar ruwa a baro. Kunya ta rufe ni. Na buɗe aljihun tebur na ƙirgo kuɗinsa na miƙa masa. Ya mai da hannayensa baya, idonsa ya kawo ruwa, ya ce, "Alhaji don Allah ka bar su, kada a cire sunana."

Babu wani suna da za a cire. Gurbin ya cika tun makon farko. Yaron nan ya ɗauka ya sayi wuri a layi, alhali layin ba ya zuwa ko'ina, kuma ni na sani tun ranar da na karɓi kuɗinsa. Daga baya Allah ya sa na sama masa aikin share-share a wani shago, amma sauran ɗari da tamanin da ɗoriya fa? Ban san inda suke ba, haƙƙinsu kuma yana wuyana. Tun daga wannan shekarar na daina sayar da fom, ofishina kuma bai rufe ba.

Kawuna dillalin shanu ne, ina yaro na sha bin shi kara a Wudil ranar Juma'a. Ban taɓa ganin ya karɓi ko kwabo daga Bafulatanin da ya kawo sa don kawai ya tsaya masa ba. Sai an yi tayi, an ja, an ce albarka, an ƙara, mai dabba ya ce ya sallama, sannan la'ada ta fito. In ciniki bai faɗa ba, kawu ya sha ranarsa a banza, ya san haka sana'ar take. Kuma in daga baya aka ce san nan na sata ne, shi ake zuwa kamawa, domin shi ya tsaya. Abu biyu ke nan da suka sa ake kiran mutum dillali a ƙasar Hausa tun kaka da kakanni: ba ya cin la'ada sai ciniki ya tabbata, kuma yana tsaya wa abin da ya haɗa. Mu da muke dillancin gumin ɗan Adam, wanda ya fi dabba daraja nesa ba kusa ba, yaya aka yi muka sauka ƙasa da ƙa'idar kara?

Wanda bai gamsu da ƙa'idar kara ba, to ga ta gwamnati. A watan Maris na 2023 Najeriya ta rattaba hannu kan yarjejeniya mai lamba 181 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda aka tsara tun 1997 musamman don irin ofisoshinmu. Sashe na 7 ya ce kamfanin samar da ma'aikata ba zai caji ma'aikaci kuɗi ba, kai tsaye ko a fakaice, duka ko wani ɓangare. "A fakaice" ɗin nan ita ce ta kama mu, domin mun iya sauya wa abu suna: kuɗin rajista, kuɗin katin shaida, kuɗin horo na kwana ɗaya wanda ba a koyar da komai a cikinsa, albashin watan farko da ake rabawa biyu. Duk kaza ɗaya ce aka fige ta ta fuska daban-daban. Manyan kamfanoni, musamman masu hulɗa da ƙasashen waje, sun fara tambayar wannan kafin su ba da kwangila. Wanda ya gyara gidansa bana shi zai ci wannan kasuwar baɗi.

Na san abin da za ku ce, domin da bakina na sha faɗinsa. Kamfani ba ya biya a kan lokaci, sai ya riƙe maka kuɗi wata biyu ko uku, ga hayar ofis, ga albashin sakatare, ga man janareta, banki kuma ba ya ba ka rance sai da ruwan da ya fi ribar. In ba a karɓi na fom ba da me za a riƙe? Tambaya ce ta gaskiya, ban raina ta ba. Amma ku duba wanda muka zaɓa ya biya mana bashin da attajiri ya ƙi biya: yaron da ya zo a ƙafa daga Rijiyar Lemo da takardar sakandare a leda. Mun ji tsoron mai ƙarfi mun juya kan mara ƙarfi. Wasu kuma kan ce fom na tace waɗanda ba da gaske suke ba. Wanda ya fi kowa buƙatar aikin shi ne wanda ba shi da naira dubu biyun fom ɗin, shi muke fara tacewa.

Maganin yana wajen da matsalar ta fito, wato teburin da muke zama da kamfanoni. Mu yi lissafin tare. Ma'aikaci ɗaya a kan naira 70,000. Dokar fansho ta 2014 ta ɗora wa uban gida kashi 10, naira 7,000 ke nan, ban da kashi 8 da ake cira daga na ma'aikacin. Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ta ce a zuba kashi ɗaya a asusun NSITF, don ranar da inji ya cinye wa mutum yatsu, naira 700. Asusun horar da ma'aikata na ITF shi ma kashi ɗaya, wata 700. Mun kai 78,400, ba mu ɗinka masa kaki ba, ba mu saya masa takalmi da tocila ba, ba mu ware na wanda zai canje shi ranar hutunsa ba, ba mu sa la'adarmu ba, ba mu sa harajin VAT na kashi 7.5 ba. To idan manajan kamfani ya jingina da kujera ya ce, "Dubu sittin kowane kai, in ba ka so akwai mai so," wanda ya miƙa hannu ya karɓa ya riga ya yanke shawarar wa zai zalunta tun kafin ya fita daga ofishin. Kuɗin ba za su fito daga sama ba. Daga albashin maigadi za su fito, daga fanshon da aka cira ba a zuba ba, daga inshorar da ba a biya ba.

"Akwai mai so" ɗin nan kuwa ɗayanmu ne. Da shi muka ci shinkafa a faranti ɗaya wajen ɗaurin aure. Muddin kowa na karya farashin ɗan uwansa, kamfanoni za su ci gaba da yi mana gwanjo, mu kuma mu ci gaba da matse na ƙasa. Kada wani ya fake da cewa dokar albashi ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba. Shagon da ka kai wa mutum uku ƙila ya tsira da wannan, amma kai da ke da mutum ɗari biyu a littafinka, sunanka ne a takardar ɗaukarsu, ba ka tsira ba. Haka nan daga watan Janairun 2026, sabuwar dokar haraji ta yafe wa mai karɓar mafi ƙarancin albashi, kuma naira 800,000 ta farko a shekara ba haraji a kanta. Duk wanda ya ci gaba da rubuta "kuɗin haraji" a takardar albashin lebura bayan wannan, aljihunsa yake tara wa.

Akwai abin da ya fi kuɗi. Kun tuna watan Yunin 2020, lokacin kullen korona, da 'yan sanda suka buɗe wani kamfanin shinkafa a nan Kano suka fito da ma'aikata fiye da ɗari da aka kulle kusan wata uku ba su ga iyalansu ba? Ranar da na ji labarin a rediyo, tambayar da na yi wa kaina ita ce: da ni na kai su, da yaushe zan sani? Gaskiyar magana, da sai na ji a rediyo kamar kowa. Yawancinmu daga ranar da muka sauke yara a bakin get ba ma sake leƙawa sai ranar karɓar cak. Ba mu san awa nawa suke tsayuwa ba, ba mu san ko akwai abin rufe hanci a ɗakin da ƙura ke tashi ba. Dokar Ƙwadago ta ce a ba ma'aikaci rubutacciyar takardar sharuɗɗan aikinsa kafin ya cika wata uku. Mu nawa ne muke bayarwa? In mun bayar ma, da Turancin lauyoyi ne, wanda yaron zai dangwala yatsa bai san me ya yarda da shi ba. Shafi ɗaya da Hausa ya isa: albashinka kaza, ranar biya kaza, awa kaza, hutu ranar kaza, ga lambar da za ka kira in an cuce ka.

Sai maganar ƙetare, wadda na ji wasu matasanmu na ɗoki a kai saboda riyal. Wata tsohuwa ta taɓa zuwa ofishina da hantsi, an kwatanta mata ni da cewa ina tura mutane aiki. Ta kwance bakin mayafinta ta fito da hoton fasfo ɗin 'yarta, ya lanƙwashe a tsakiya. Ta ce wani ejan ne ya kai ta Saudiyya aikatau, an yi alkawarin za ta riƙa aiko da kuɗi duk wata, an sayar da gonar gado an biya shi. Wata takwas ba murya ba saƙo, lambar ejan ɗin kuma a kashe. Na tambaye ta da wace irin biza yarinyar ta tafi, ta ce ita dai an ce mata ta Umara ce. Na rasa ta inda zan fara. Bizar Umara ba ta aiki ba ce. Wadda ta wuce wa'adinta ta zama mai laifi a idon hukumar can, ba ta da igama, wato takardar izinin zama, ba ta da inda za ta kai ƙara in an hana ta albashi ko an ɗaga mata hannu, ƙarshenta gidan tarhil na Shumaisi, inda ake tsare waɗanda za a koro, daga nan a sauke ta a filin jirgin Malam Aminu Kano da leda ɗaya a hannu. Na raka tsohuwar ofishin hukumar NAPTIP mai yaƙi da safarar mutane ta shigar da ƙorafi, abin da na iya ke nan. Wanda zai tura mutum waje, Ma'aikatar Ƙwadago na da lasisi daban na wannan, ba irin na cikin gida ba. Wanda ba shi da shi, ya tura 'yar mutane da bizar ibada, ya san sunan abin da yake yi a doka: safarar mutane. Ba na son in ji an kira ɗayanmu da wannan suna.

Wani zai ce duk wannan wa'azi ne, mu kasuwa muka zo yi. To mu yi maganar kasuwa zalla. Me muke sayarwa? Sunaye da lambobin waya? Wannan ya ƙare. Manajan da ke neman direba yau zai rubuta layi biyu a WhatsApp ko Facebook, kafin la'asar mutum ɗari sun turo takardu, bai biya kowa sisi ba. Masu neman aiki ba su taɓa yin ƙaranci a ƙasar nan ba. Hukumar Ƙididdiga ta ce rashin aikin yi ya kai kashi 33.3 a ƙarshen 2020, da ta sauya ma'auni a 2023, inda wanda ya yi aikin awa ɗaya a mako ya zama mai aiki, sai ya dawo 4.1, amma bencin ƙofar ofishina bai ragu da mutum ɗaya ba. Abin da WhatsApp ba zai iya ba shi ne ya je unguwar yaro ya gaisa da mai unguwa, ya ga mahaifinsa, ya zauna da wanda zai tsaya masa, ya hau mota kusa da direba ya ga yadda yake taka birki a shataletalen Ɗangi. Ba zai iya amsa waya ƙarfe biyun dare ba in kaya sun ɓace a sito. A Suratul Ƙasas, da 'yar dattijon nan na Madyana ta ba mahaifinta shawarar ya ɗauki Annabi Musa aiki, siffa biyu ta ambata: mai ƙarfi, amintacce. Ƙarfi ana ganinsa da ido. Amana kuwa sai wani ya shaida, mu ake biya mu shaida. To yaya wanda ya fara hulɗarsa da yaro da cutar naira dubu biyu zai sa ran yaron nan ya riƙe amanar sito na miliyoyi? Maigadin da ya san kamfani na biyan dubu casa'in a kansa, shi kuma ana miƙa masa talatin da biyar, ya riga ya koyi darasi daga wajenmu, kuma ba mai kyau ba.

Ga kuma 'yan damfara da suka cika waya da tallan guraben aikin gwamnati, kwastan da shige da fice da kamfanin mai, a turo kuɗi a ajiye maka gurbi. Baɗi, da siyasa ta kankama, za su ninka. Jama'a ba su manta da ranar 15 ga Maris, 2014 ba, da dubban ɗaruruwan matasa suka biya naira dubu ɗai-ɗai don guraben hukumar shige da fice da ba su kai 5,000 ba, aka yi turmutsitsi a filayen wasa, aka rasa rayuka. A idon uban da ke zaune a ƙofar gida, da mu da ɗan damfara duk "masu karɓar kuɗi su ba da aiki" ne. Hanya ɗaya ce tak da zai bambance mu a take: ya san cewa na gaskiya ba ya karɓar komai daga mai nema. Ranar da wannan ya zama sananne a Kano kamar yadda aka san ranar kasuwar Wudil, rabin damfarar ta mutu, domin duk wanda ya ce a kawo kuɗi ya tona wa kansa asiri.

Abin da nake roƙo ba shi da yawa. Mu zauna kafin ƙarshen watan Janairu, masu lasisi da waɗanda ke kan hanyar yi, 'yan ƙungiyar kamfanonin samar da ma'aikata ta HuCaPAN da waɗanda ba su shiga ba tukuna. Mu yanke farashin da ba wanda zai sauka ƙasa da shi a kowane kai, wanda ya ɗauke albashi cikakke da fansho da inshora da la'ada ta halal, mu kai wa masu masana'antu a rubuce da sa hannunmu duka. Mu sa sharaɗin cewa kuɗin albashi su shigo kafin ranar 25 ga wata, don kada a sake cewa jinkirin kamfani ne ya sa aka taɓa na yara. Masu kai masu gadi su tabbata suna da lasisin da hukumar Sibil Difens ke kula da shi, domin wannan ma doka ce tun 1986. Za mu rasa wasu kwangiloli a watannin farko, ba na musun haka, ni kaina akwai guda biyu da na san za su tafi. Amma kamfanin da ba zai iya biyan lebura haƙƙinsa ba, gara ya zalunce shi da hannunsa, ba da nawa ba.

Ni dai na riga na ba mai fenti aiki. Ranar Litinin ta farko a sabuwar shekara za a kafa allo a ƙofar ofishina, da boko da ajami, cewa a nan ba a sayar da fom, ba a karɓar kuɗin rajista, ba a taɓa albashin watan farko. Na ce ya bar fili a ƙasa, don sunayen ofisoshin da suka yarda mu tafi tare. Wanda ya shirya ya aiko mini da sunan nasa kafin fentin ya bushe.

Wassalam.

Naku,
Ɗan uwanku a sana'a, daga Kano.